Tabo a Kan Garkuwa

A garejin da nake jiran motata akwai wani magidanci mai furfura a gemu, wanda sana'arsa ita ce miƙar da jikin motocin da suka lotse. Bayan sallar azahar sai ya fito da wani mutum-mutumin yaƙi na roba, irin na fina-finan zane, wanda bai fi tsawon tafin hannu ba. Shi ya harhaɗa shi gaɓa-gaɓa, ya yi masa fenti fari fat, har da takobi da garkuwa.

Ga shi yanzu yana gasa tsinin ƙusa a wuta. 'Yarsa, wadda ta kawo masa abinci, ta dafe ƙirji.

"Baba, ni fa na sayo maka shi, kuma babu garkuwa ta biyu. In ta narke, kada ka kira ni jaje."

"Yi mini shiru, uwata, hannuna yana aiki."

Ya yi bisimilla, ya ɗauke numfashi, ya ɗora ƙusar a gefen garkuwar, ya ɗage nan take. Tabon ya fito tamkar saran takobi na gaske. A damtsen magidancin na hango tsohon tabon ƙuna mai faɗi. Ina kyautata zaton akwai wanda yake raye a yau albarkacin wannan damtse, amma Allah ne mafi sani.

Ya ɗaga garkuwar cikin haske yana murmushi.

"Ɗazu kyau kawai gare ta," in ji shi. "Yanzu duk wanda ya gan ta ya san ta taɓa tare wa wani sara."