Ƙodar Baban Yasmin

Mijina Ɗanmusa makanike ne, kuma ranar da aka yi rabon baki da kwano biyu ya je. Shekara talatin ke nan da ya baro Gusau ya sauka a wani gareji a unguwar Sultana, nan ƙasa mai tsarki, yana kwanciya ƙarƙashin motocin mutane. Hannunsa na da albarka, ko maƙiyi ba zai musa ba. Matsalarsa ɗaya, komai na duniya mota ne a wurinsa. Ranar da na haifi Yasmin cewa ya yi kamfani ya fitar da sabon yayi.

Da ciwon ƙoda ya kama shi, shekara biyar muna zaryar asibiti, wanki sau uku a mako. Ya rame, ya yi baƙi, ruwa ma da awo yake sha, amma bakin nan ko gezau. Wankin ƙodar ma juyen baƙin mai yake ce masa. Rannan bayan la'asar aka kira waya an samu ƙoda. Wani ya rasu, iyalinsa sun yarda a bayar, kuma ba a faɗa wa mutum ko waye.

Aka yi aiki, Allah ya sa aka dace. Ko zare ba a cire ba ya tambayi likitar ko ƙodar gawar nan tana da garanti. Baiwar Allah ta gyara tabarau ta ce su ba sa cewa gawa, cewa suke wanda ya ba da kyauta, su bi shi da addu'a. Gogan naka ya yi dariya har ɗinki ya amsa. Daga ranar ya samu labarin da zai ci kasuwa da shi, wai ƙodarsa daga tashlih aka ciro ta, filin nan da ake jibge motocin da suka yi hatsari ana kwance musu kaya.

Ni kuwa akwai abin da ke cina. Maƙwabciyata Indo, da muke bene ɗaya a unguwar Ƙurban, mota ta buge ɗanta Haisam a hanyar Ƙuba. Wata biyu ne kafin aikin mijina, kada wani ya fara haɗe-haɗe. Kwana huɗu yaron yana kan na'ura likitoci suka ce ƙwaƙwalwa ta mutu, ita ta sa hannu aka ba da ƙodojinsa. Ni kaɗai ta faɗa wa, ta kuma rantsar da ni, don ta san halin mutanenmu, za a ce ta bari an feɗe mata ɗa kamar ragon layya. Tun daga nan ta rufe ƙofa, ba biki ba suna. Ni kaɗai take buɗe wa, kuma ba ni da burin da ya wuce in ga ta sake zama cikin mutane.

Jan kunnen da na yi wa Ɗanmusa ya fi a ƙirga. Na ce Baban Yasmin, mai ƙodar nan fa ɗan wani ne. Ya ce to ai motar tashlih ma ta wani ce. Amana ta ɗaure min baki, na haɗiye sauran.

Da ya cika shekara da aiki ya ce sai an yi walima bayan sallar Juma'a. Mako guda ina lallashin Indo kafin ta yarda. Ta zo, ta zauna kusa da labulen da ya raba mu da maza, ta karɓi faranti, har ta yi wa Yasmin murmushi. Wallahi na ji daɗin da na manta rabona da irinsa.

Sai Ɗanmusa ya gyara murya a falo.

"Jiki ya tashi aiki, amma inji garau. Sabuwar mota ce, ba ta yi tafiya da yawa ba, suka kwanto min nawa rabon."

Aka bushe da dariya, har da wasu ɗaliban jami'a da suka cika ciki da shinkafata, masu haddace littattafan ladabi.

Indo ta ajiye farantin a hankali, ta miƙe ta tsaya jikin labule. Ko ɗaga murya ba ta yi ba.

"Baban Yasmin, nawa ma tashlih aka kai shi. Shekararsa sha tara, bai yi tafiya da yawa ba. Haisam, wanda kake gyara wa keke yana yaro. Taka ba tasa ba ce, na sani. Amma ita ma akwai uwar da ta sa hannu."

Sirrin da ta ɓoye fiye da shekara, da bakinta ta zubar da shi gaban mutum arba'in. Ta gyara mayafi ta fita, shinkafarta ko rabi ba ta ci ba. Shekara ashirin da shida da aurenmu, ranar na fara jin Ɗanmusa ya rasa abin cewa, kuma wallahi ban tausaya masa ba.

Yanzu in an tambaye shi cewa yake wani bawan Allah ne ya ba shi, Allah ya ji ƙansa. Abin da likita ta koya masa tun yana kan gadon asibiti ke nan, sai da ya fama wa Indo ciwonta sannan ya shiga kai. Sau uku yana zuwa ƙofarta ya yi sallama, ya tsaya, ya dawo.

Ni ma yanzu in na kai mata abinci, a bakin ƙofa nake ajiyewa.