Usur Ɗin Koci Bahago

Ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, Koci Bahago ya rasu a gadon asibiti, bayan ciwon da ya ɓoye mana har sai da ya kayar da shi. Mai shi ya karɓi abinsa, mu ma muna hanya.

Koci, ni ne Barkono, wanda ka raɗa wa sunan saboda bakina. Ban yi nisa a makaranta ba. A tsofaffin jaridun da ke ƙarƙashin gadonka na koyi haɗa baƙi, don in karanta abin da aka rubuta a kanka. Sun ce idan ka buga kwana da ƙafar hagu, ƙwallo kan lanƙwasa ta faɗa raga ba wanda ya taɓa ta. Daga ranar da gwiwarka ta goce, jaridun suka yi shiru, ƙungiyar da kake buga wa ta karɓi rigarta ta ba wani. Washegarin rasuwarka manyanta suka zo da motoci suna cewa "gwarzonmu". Gwarzonku? Ina kuke lokacin da yake ɗingishi yana ɗinke mana ƙwallo da zaren takalmi? Na buɗe baki zan faɗa musu, sai na tuna ka, na haɗiye.

A filin bayan shagon katako ka tara mu, mu da unguwa ta gaji da mu. Da kanka kake zuwa ƙarƙashin gada, inda ake sayar da ƙwaya, ka kamo yaro a wuyan riga ka ce, "Ana neman gola, taho." Ba ka duka, ba ka kora. Doka ɗaya gare ka: duk wanda ya zagi alƙalin wasa, sai ka tsayar da wasa, ka ciro usur ka rataya masa. "To, malam mai ido, zo ka gyara mana."

Ba wanda ya sha ratayar nan kamar ni. Ranar farko da ka rataya min, wani ya taɓa ƙwallo da hannu ban gani ba, yara suka yi min caa, har iyayena suka samu rabonsu. Na tsaya tsakiyar fili, usur a baki, na kasa hurawa, ƙwalla ta cika min ido. Ka dafa ni kana dariya. "Barkono, yanzu ka ji yadda take a kunnen wani?"

Tun da ka kwanta yaran suka fara watsewa. Wasu sun koma gada. Mai katako ya ce idan filin ya zauna ba kowa, zai jibge kayansa a kai. Ina cikin wannan baƙin ciki Umma, matarka, ta kira ni ta miƙo min usur ɗinka, igiyar ta yi baƙi da guminka.

"Ya ce a ba ka."

"Ni, Umma? Da wannan bakin nawa?"

"Haka na ce masa. Ya ce ai shi ya sa."

Jiya da la'asar na je filin na hura. Kaɗan suka zo, na raba su biyu. Ba a jima ba wani ɗan tsurut ya ɗaga murya: "Alƙali makaho!" Jinina ya hau, amsa ta zo har bakin leɓena, kuma wallahi mai zafi ce. Na san idan ta fita, gobe ba zan ga kowa ba. Sai na tsayar da wasa, na ciro usur na rataya masa. Da na zo faɗin maganarka, sai aka riga ni. Yaran ne suka faɗe ta, gaba ɗayansu: "To, malam mai ido, zo ka gyara mana."

Allah ya jiƙanka, Koci, ya yafe kurakuranka, ya sa jinyar ta zama kaffara, ya yalwata maka makwanci. Umma da yara, Allah ya ba ku haƙurin rashi. Ni kuma ku roƙa min Allah ya riƙe min harshe, gobe akwai atisaye.