Mudun da Mama Ene Take Ƙarawa

Kafin rana ta yi zafi, Mama Ene ta riga ta buɗe rumfar injin niƙanta a unguwar Yerimaram da ke Potiskum. Takan share ƙasa, ta duba bel ɗin inji, ta ɗaure kallabi har kan gira, ta yi gajeriyar addu'a, sannan ta tayar da inji. Shekara ashirin da shida ke nan tana haka, tun rasuwar mijinta, malamin makarantar da ya taho da ita daga Binuwai. Ƙarar inji ta cinye mata rabin ji, don haka ko gaisuwa ta yi sai ka ɗauka faɗa take. Fara'ar ciniki kam ba ta da ita. Mace ta kawo surfe da danshi, za ta sha magana.

Dokarta guda ce: kowacce ta ajiye kwanonta a layi, ta koma gindin dalbejiya ta jira, wai saboda ƙurar gari. Matan unguwa sun yi gunaguni har sun gaji.

Maganar ba ta ƙura ba ce. A bayan injin akwai buhu biyu, na gero da na dawa, waɗanda take saye da guminta. Ene ta san kwanon kowane gida. Ta san wanda ya saba zuwa da mudu biyar, ya koma uku, ya koma biyu, alhali bakunan gidan ba su ragu ba. In irin wannan kwano ya iso hannunta, sai ta ba bishiyar baya, ta ɗebi mudu guda daga buhunta ta juye tare da na mai shi. Hatsi in ya zama gari yakan cika ido, ba mai ganewa. Haka dai take zato.

Kwanon da ya fi daɗewa yana samun wannan ƙari shi ne na Yagana. Sunan aro ne, kada mai karatu ya wahalar da kansa. Mijinta manomi ne, ɓarin jikinsa ya shanye shekara tara da suka wuce, amma bai yarda a ji tausayinsa ba. An taɓa kai masa buhun shinkafa tare da masu ɗaukar hoto, ya sa aka mayar da shi tun daga zaure. Ranar da ya ji ana ƙara wa gidansa hatsi, ranar Yagana za ta daina zuwa rumfar, 'ya'ya biyar kuma su koma cin tuwo sau ɗaya a yini.

Bana likita ya hana Ene shaƙar gari, danginta suka matsa ta koma gida Binuwai. Cocinsu ya shirya mata bankwana. Sakataren cocin, Celestine, mai sayar da kayan gyaran mota, ya ji daga bakin masu hatsi cewa tsohuwar da ke zaune ita kaɗai tana sayen buhu biyu duk wata. Ya yi ta bin diddigi har ya gane, ya same ta a rumfa yana murna.

"Mama, wannan abu dole duniya ta sani! Ran Lahadi za mu kira matan nan su yi shaida, mu ɗauka a waya, a buga ganga."

Gaskiya abin ya yi mata daɗi a rai. Shekara ashirin da shida ana kiranta mafaɗaciya, ga ranar wanke kai ta zo har inda take. Ta ga kanta a gaban jama'a, matan zumuntar coci suna guɗa. Sai idonta ya sauka kan kwanon Yagana a layi, ta ji kunyar kanta.

"Sakatare, me ake koya mana a cocinmu?" ta ce, da ƙarfin muryarta da ta yi ƙoƙarin dannewa. "Wanda ya ba da sadaka don a gani, tafin da aka yi masa shi ne ladansa, ya gama karɓa. Ni Ubangiji ya ba ni kyauta, ban biya shi ba. In ka tsayar da matan nan a gaban mutane, na saye mutuncinsu da mudun dawa ke nan."

"Amma Mama, wasu za su yi koyi."

"Su koya a wani wurin, ɗana. Ban da kwanukan nan."

Ran Lahadi Celestine ya yi dogon jawabi kan zuwanta coci a kan lokaci, aka ba ta atamfa, aka watse. Injin ta bar wa Ufedo, abokiyar zumuntarta, tare da buhunan nan biyu da dokar gindin dalbejiya.

A yininta na ƙarshe a rumfa, Yagana ta zo karɓar garinta. Ta ɗora kwanon a ka, ta ɗan yi gaba, sai ta dawo ta kai bakinta kusa da kunnen Ene mai ji.

"Mama Ene, mudu biyu nake kawowa. Hannun da yake tuƙa tuwo ya san nauyin biyu, ya san na uku. Tun shekarar farko na sani."

Ene ta tsaya da tsintsiya a hannu.

"To me ya hana ki magana?"

"Na ga don Allah kike yi. Ban so in ɓata miki."

Mama Ene, ke ce kika ciyar ba ki sa an sunkuyar da kai ba. Ke ce mai tsawa a baki, mai taushi a hannu. Kin hana a faɗa a coci, ga shi Yagana ta sa an rubuta, sai ki yi haƙuri. Mun gode, Allah ya ba ki lafiyar ƙirji, ya kai ki gida lafiya.

Mu kuma da ba ma iya miƙa ledar shinkafa sai waya tana sama, mu ɗan duba kanmu. Shekara tara mata biyu suka yi suna rufa wa juna asiri a kan mudu guda, kowacce tana tsoron kada ta ɓata wa 'yar'uwarta. Wanda zai bayar, ya fara koyon ba bishiyar baya.