Ranar da Na Mayar da Hura Fura

Ko da zan manta da komai na shekarun karatuna, ba zan manta da wata Lahadi a garin Tawa na ƙasar Nijar ba, ranar da wata tsohuwa ta tsayar da ni a gaban jama'a a kan gyaran da ba ta sa ni ba.

Lokacin ina ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare. Ni ba mai magana ba ne, ko a aji sai malami ya kira sunana sau biyu kafin a ji muryata. Abokaina su ne littattafan Hausa da ake kawowa daga Najeriya. Na karanta su har na ɗauka Hausar cikinsu ita ce Hausa, tamu ta Adar kuwa tsohuwar riga ce, ana sa ta a gida amma ba a fita da ita.

A shekarar ne wata mai zane, wato mai aikin fasahar zane-zane, ƴar garinmu da ta daɗe a Yamai, ta dawo ta kafa wani abu a wani fili kusa da kasuwa, inda ba mai tsayawa sai ƴan kabu-kabu masu jiran fasinja. Ta kakkafa sanduna, ta ja igiyoyi, ta rataye sababbin ƙore har suka zama rumfa. Duk wanda ya zo zai faɗi wata magana da wani nasa, wanda ya rasu ko ya yi nisa, ya saba faɗa. A rubuta masa da tawada a bayan ƙwarya, a rataye. Mako guda kawai za a yi, ranar ƙarshe kowa ya ɗauki tasa ya tafi gida. Malaminmu ya tura ni in riƙa yin rubutun, saboda kyan hannuna.

Kwana shida ina zaune a kan tabarma ina rubutu, kuma ina yin wani abu da ban gaya wa kowa ba. In mutum ya ce "lahiya" sai in rubuta "lafiya". In ya ce "munka tahi" in rubuta "muka tafi". A ganina taimakonsu nake yi, kada baƙo ya karanta ya yi mana dariya. Ba wanda ya lura, domin mutane sun fi shagala da kallon ƙoren suna kaɗawa a iska suna ƙwanƙwasar juna. Har mai shayi ya kwaso teburinsa ya dawo wurin.

Ranar Lahadi, ranar kasuwa kuma ranar ƙarshe, wata tsohuwa ta zo daga Takanamat. Ta ce a mota ta ji labarin, kuma motar za ta juya bayan azahar. Ta zauna a gabana ta dube ni, ta ce, "Kai ne mai rubutun? To, mijina, rubuta maganar innata. Shekara da shekaru ban ji ta ba." Ta runtse ido ta ce, "Taho ki sha hura, ɗiyata, duniya ba ta ƙarewa yau."

Na tsoma alƙalami na rubuta da kyau: "Zo ki sha fura, ƴata, duniya ba za ta ƙare yau ba."

Na miƙe zan rataye, sai ta riƙe ƙwaryar. Ta ce ita ba ta karatu, tana son a karanta mata ta ji da kunnenta kafin ta tafi. Kunya ta hana ni buɗe baki a cikin taron nan. Wani ɗan kabu-kabu da ke shan shayi ya karɓa, ya gyara murya, ya karanta da ƙarfi kamar yadda na rubuta.

Tsohuwar ta girgiza kai. Ta ce, "Wagga ba innata ta ba. Wagga mutumniyar Kano ta. Inna ba ta taɓa shan fura ba, hura taka sha!"

Wurin ya kaure da dariya, har mai shayi ya zubar da ruwan zafi. Amma ni na ga idonta, ba dariya take yi ba. Ta zo neman muryar mahaifiyarta, na miƙa mata ta wata.

Mai zanen ta matso ta tambaye ni a hankali, "Ƙanena, wannan kaɗai ka gyara?" Da na so in ce kuskure ne, da an wuce wurin. Amma sai na ce, "Duka na gyara, Yaya." Ɗan kabu-kabun ya ji, ya ɗaga murya: "Jama'a, kowa shi duba tashi! Ɗan lakkwal, ɗan bokon ga, ya kai iyayenmu Kano ba da saninmu ba!"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Mutane suka shiga sauke ƙore, wanda ya iya karatu yana karanta wa wanda bai iya ba. Wani manomi daga Barmu ya ce babansa ya koma kamar mai karanta labarai a rediyo. Wata mai sayar da albasa ta yi dariya har da hawaye. Wani ɗan kasuwa Bakano ya ɗaga tasa ya ce, "Ni kam tawa daidai take, Allah ya yi wa yaron nan albarka," aka yi masa caa. Wani dattijo mai rawani daga arewa, wanda ya rubuta tasa da kansa da haruffan Tamashek, ya ce tasa ce kaɗai ta tsira, don ban san ta inda zan kama ta ba. Mutanen da ba su taɓa gaisawa ba suka tsaya suna gardama a kan yadda ake kiran abu a Maradi da Damagaram da Tawa.

Mai zanen ba ta yi mini faɗa ba. Ta kira ɗan garuwa, ta ce, "Tawada ce ai, ruwa na wanke ta. Fara da ta Inna."

Aka kira sallar azahar ina wanke ƙwaryar. Na shanya ta a rana, ina jin kamar ba za ta taɓa bushewa ba. Tsohuwar ta sake faɗin maganar kalma kalma, ina rubutawa. Da na gama, ɗan kabu-kabun ya miƙo hannu, sai ta ture shi. "A'a. Wanda ya ɓata shi ka karantawa. Tashi tsaye, mijina."

Na tashi. Ban taɓa magana a gaban mutane masu yawa haka ba. Na buɗe baki, sai maganar ta fito da kanta, domin haka kakata take magana, haka ni ma nake yi da zarar na shiga zauren gidanmu. "Taho ki sha hura, ɗiyata, duniya ba ta ƙarewa yau."

Ta rufe fuska da gefen zanenta. Da ta buɗe, tana murmushi da hawaye tare. Ta ce, "Ita ta. Wallahi ita ta." Wata mata ta rangaɗa guɗa. Tsohuwar ta kife ƙwaryar a ka, ɗan kabu-kabun ya ɗora ta a baya ya nufi tasha da gudu. Da ya dawo ya ce sun tarar da motar ta fara motsi, sai da ya sha gabanta.

Ni kuwa na zauna har bayan la'asar, layi a gabana, kowa da ƙwaryarsa jiƙe, yana faɗa ina maimaitawa kafin in rubuta. In na karkace, mutum goma su gyara mini lokaci guda.

Abin da na koya ranar shi ne, maganar mutum amana ce. In an ba ka ita, ka mayar da ita yadda aka ba ka, ko da kana ganin ka fi mai ita sanin ƙa'ida. Har yau aikin rubutu nake yi, kuma kafin in taɓa kalmar wani, sai na tambaye shi: haka kuke faɗa a gidanku?