Tsoho Mai Koren Ƙyalle

Tsohon nan ya gama ɓata wa Radka murna. Yana zaune a tashar jirgin ƙasa, ya naɗe wuya da koren ƙyallen ƙungiyarsu ta ƙwallon ƙafa, duk ya koɗe. Da gani tun yana saurayi yake ɗaura shi. Ƙanƙara ce ta hana wasansu da ƙungiyar da Radka ke goyon baya, hukuma ta sauya doka rana tsaka, ta tsallakar da su Radka zuwa zagaye na gaba na gasar kofi ba a taɓa ƙwallo ba.

"Kawu, sai baɗi!" in ji Radka, tana dariya.

Ya miƙo mata ƙullin gasassun 'ya'yan kabewa.

"Ungo, 'yata. Don wasan nan na saya. Ku ke da sauran kallo."

Ta karɓa, ta cusa nata ƙyallen cikin riga.