Katin da Ƙanin Mijina Ya Musanya Min

A ƙarshen shekarun casa'in ina zaune a gidan su mijina a Ƙofar Kuyambana cikin Zariya, gida ne babba mai sassa da yawa. Sana'ata buga takardu a kwamfuta. Maigidana ne ya saya min ita da ya ga na iya, ya gyara min wani ɗaki kusa da zaure, ɗaliban jami'a daga harabar Kongo suna kawo min aikinsu na kammala karatu ina buga musu.

Ƙanin mijina, wanda yake karatu a Kongo a lokacin, shi ya fara sa min wasa a cikinta. Wasan tseren mota ne. Ya zo da faifai wata rana ya ce bari ya gwada, ya yi ta tuƙi ina kallo. Da ya tafi na zauna na gwada ni ma. Kafin damina ta wuce na fi shi iyawa, kuma ya sani. Idan na gama aiki bayan la'asar sai na yi tsere ɗaya ko biyu kafin na shiga kicin. Ban taɓa hawa ko keke ba, amma a kan wannan kujerar na san yadda ake shan kwana ba tare da taka birki ba.

Na yi tafiya biki Kaduna na kwana biyu. Da na dawo na kunna kwamfuta, rubutu na fita yadda ya saba. Da na buɗe wasan sai na ga motata tana tafiya kamar ana fizgarta da igiya. Sararin sama ya zama layi-layi, hayaƙin taya ya koma 'yan murabba'ai. A makon nan kuma na ji ƙanin mijina ya haɗa tasa kwamfutar a ɗakinsa na ƙofar gida, abokansa suna cika wurin, ana ta yaba kyawun hotonta.

Akwai wata ɗaliba mai karatun kwamfuta da nake buga wa aiki, mun saba sosai. Ita ta kwance min murfin na'urar, ta nuna min katin hoto, wato allon da ke zana duk abin da ake gani a fuskar kwamfuta. Ta ce wannan tsoho ne ƙwarai, ba da shi kwamfutar ta zo ba. Ga ƙura a jikinsa, sauran kayan kuwa fes.

Na tare ƙanin mijina a tsakar gida na tambaye shi. Bai ma wahalar da kansa da musu ba. Ya yi dariya a gaban matan gida ya ce, "Haba matarmu, me mai buga takarda za ta yi da katin wasa? Wanda na sa miki ya ishe ki."

Matan suka taya shi dariya. Da na kai wa maigidana ƙara ya ce wasan ƙanin miji ne, in yi haƙuri, ba a kai irin wannan magana gaban manya. Na ce to. Amma ranar ko tuwo ban iya ci ba. Satar ta yi min ciwo, dariyar kuma ta fi ta.

Ban sake tada maganar ba. Na ci gaba da zuba masa abinci idan ya shigo, ina amsa gaisuwarsa. A raina kuwa na riga na yanke: ba katina nake so ya dawo ba, wanda zai sa nasa ya zama abin kunya nake nema.

Ɗalibar nan ta riƙa aro min mujallun kwamfuta daga wurin malamansu, tsofaffi, wasu ma babu bango. Ina karantawa da ƙamus a gefe, abin da ya shige min duhu ta warware min. Nan na gane katin hoto ba a sayensa don girman kwali. Sai an duba gurbin da zai shiga a babban allon cikin na'urar. Mafi tashe a lokacin yana buƙatar wani gurbi mai ruwan ƙasa, ni kuwa duk nawa farare ne. Na yi kwanaki ina jin haushin wannan, har muka gano akwai irinsa da aka yi don farin gurbi.

Ita ta fi son wani daban. Shi ba ya aiki shi kaɗai, ana haɗa shi da katin da ke ciki da wata gajeriyar waya, ɗaya ya yi rubutu, ɗaya ya yi wasa. Ta ce masu wasa suna rantsuwa da shi. Na ce ba na so. Ba zan sayi abin da zai jingina da tarkacen da wancan ya bar min ba. Ta ce wannan ba dalili ba ne na ilimi. Na ce na ji, amma shi ne dalilina.

Tambaya ɗaya nake yi a kan kowane kati: akwai wasan da zai ɗauka wanda na ɗakin ƙofar gida ba zai iya ba? A ƙarshe muka tsaya a kan wani mai ƙwaƙwalwa ninkin-ba-ninkin ta nasa, mai 'yar fanka a bayansa saboda zafi. Zafin Zariya ma ya sa na nace sai mai fankar.

Yayata tana zuwa Dubai saro atamfa da gwal. Na ba ta saƙon katin, na kwatanta mata shi har ta gaji da ni. Ta ce tunda take sana'a ba a taɓa aikenta sayen abu marar kyan gani irin wannan ba. Ta kawo shi a naɗe cikin gyale, tare da faifan sabon wasan tsere da mai shagon ya ce sai kati mai ƙarfi ke ɗaukarsa. Da hannuna na danna shi a gurbinsa, ɗalibar tana tsaye tana faɗa min in bi a hankali.

Da hoton ya fito na daɗe ban taɓa maɓalli ba. Ruwan sama na sauka a gilashin motar, fitilun titi suna haskawa a kan kwalta mai jiƙa. Kamar in miƙa hannu in taɓa.

Ban kira kowa ba. Na bar ƙofar ɗakin a buɗe kawai, na ƙara sauti, daidai lokacin da abokan ƙanin mijina suke wucewa. Na farko ya leƙo ya gaishe ni, ya kasa tafiya. Na ba shi kujera. Washegari ya zo da wasu. Da suka roƙi aron faifan su kai masa, na ba su da fara'a, don na san abin da zai faru. Suka dawo da shi suna dariya, wai nasa ya nuna baƙin allo ya tsaya cak.

Sati bai zagayo ba ɗakinsa ya zama kufai. Nawa kuwa takalma har bakin zaure, ana layi, kuma duk wanda ya zauna sai ya gwada doke lokacin da na kafa. Babu wanda ya iya.

Sai ga shi wata ranar Asabar, ya shigo yana murmushi kamar ba komai, ya ja kujera zai zauna. Na ɗora hannuna a kan kibod.

"Kowa a unguwar nan zai iya hawa kujerar nan," na ce masa a hankali, "ban da kai."

Ya dubi abokansa yana jiran su mai da abin wasa. Babu wanda ya ɗago kai, kowa na tsoron rasa layinsa. Ya ɗan tsaya, ya fita.

Ya bi ta wurin wansa, maigidana ya ce shi ba ruwansa da rigimarmu. Ya bi ta wurin surukata. Hajiya ta kira ni ɗakinta ta tambaye ni abin da ya haɗa mu, na faɗa mata tun daga farko. Tana jan carbi ta tambaye ni ko motar nan tana gudu sosai. Na ce sosai, Hajiya. Ta ce in je in ci gaba da aikina.

Wani lokaci ina jin tsayuwarsa a bayan taga yana kallo ta labule. Idan na lura sai in zaɓi titi mafi kyau, in tuƙa a nitse don ya gani da kyau. Haka muka zauna har ya gama karatu ya tafi bautar ƙasa. Da zai tafi ya shigo sallama, na haɗa masa dambun nama da yaji, na yi masa addu'ar sauka lafiya, kuma har zuciyata na yi ta. Ya kalli kwamfutar, ya kalle ni. Na tashi na rufe ta da zanenta na raka shi zaure.