Anti Gyara da Lamba Arba'in da Ɗaya

Ranar Talata, tara ga wata, da ƙarfe goma da kwata na safe, direban ofis ya tsaya a bakin ƙofa ya ce Allah ya yi miki rasuwa a asibiti. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Kujerarki na nan kusa da tawa, babu wanda ya iya matsar da ita.

Wata bakwai kacal na yi a ƙarƙashinki a ƙungiyarmu ta tallafa wa masu ciwon sikila. Anti Gyara muke kiranki, domin takarda ba ta wuce teburinki ba tare da jan biro ya taɓa ta ba. Na zo da sabon digirina, kika damƙa mini rumbun bayanai na kwamfuta, kika nuna mini gurbi biyu: na waɗanda suka ara mana fuskarsu, da na waɗanda suka ɗauki nauyin mara lafiya. Ni kuwa a raina na ce ai duk taimako ne.

A makona na uku wani ɗan ƙwallo da ya yi suna ya zo, ya sa rigarmu, aka ɗauke shi hoto da yara biyar. Sai na rubuta shi a gurbin masu ɗaukar nauyi. Nan take kwamfuta ta cire yaran daga layin masu jiran magani. Kwana tara bayan haka mahaifiyar ɗaya daga cikinsu ta zo tagar karɓar magani, aka ce mata ɗanta yana da mai saya masa. Ta tambaya ko a ina za ta same shi.

Ba ki yi mini faɗa a gaban mutane ba. Kin rufe ƙofa kika ce, "Ƙanena, hoton nan ya yi kyau, ya kuma jawo mana jama'a. Amma sau nawa a rana za a ba yaro ya sha?" Muka yi dariya, ni tawa ta kunya ce. Da la'asar ke da kanki kika kai maganin gidaje biyar ɗin.

Anti, ga abin da ya hana ni sukuni. A gurbi na biyu akwai lamba arba'in da ɗaya, ba suna, tana ɗauke da yara huɗu. Ba ni da shaida a rubuce cewa ke ce. Abin da na sani shi ne ta shiga rumbun a watan da kika fara aiki, ba ta taɓa fashin biya ba shekara goma sha ɗaya, sai wannan watan.

Jiya shugaban ƙungiya ya ce in mayar da yaran huɗu ƙarƙashin sunan ɗan ƙwallon, kada rahoton shekara ya nuna giɓi. Na ce masa ba zan iya ba. Na sa su a layin jira inda kowa zai gan su. Maganin da ke hannunsu zai ƙare ranar ɗaya ga wata, kuma har yanzu ban samo musu kowa ba.

Allah ya jiƙanki, ya yafe kurakuranki, ya haskaka makwancinki. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki, da 'ya'yanki uku, da mahaifiyarki. Allah ya ba su haƙurin rashinki. Yaran nan huɗu kuma, Allah ya kawo musu wanda zai tsaya inda kika tsaya.